Agogon Malam Isiyaku da Tafiyar Ruwa

A fadamar da ke bayan Alelu akwai lambunan albasa guda biyar da ke shan ruwa daga inji ɗaya. Masu lambunan ne suka haɗa kai suka saye shi, kowa yana zuba masa mai daidai da ɗan'uwansa, kowa kuma yana da rabonsa ranar ban-ruwa, Talata da Asabar. Lambuna huɗu suna kewaye da injin kamar 'yan tsaki da uwarsu. Na biyar kuwa, na Laraba, yana can nesa gindin wata tsohuwar giginya, sai ruwa ya bi doguwar magudana kafin ya kai gare shi.

Mai auna rabon shi ne Malam Isiyaku, dattijon da ya ba saba'in baya, kuma da carbi yake awo, kamar yadda mahaifinsa ya yi tun zamanin da ake ɗiban ruwa da jigo. Da ruwa ya taka bakin lambun mutum, sai ya zauna gefe ya kama salatin Annabi. Zagaye shida na carbi shi ne rabon mutum ɗaya. Kowane zagaye ya cika, sai ya jefa ƙwallon dabino guda cikin malafarsa. Ƙwallaye suka kai shida, ya ɗaga hannu, a toshe nan a buɗe can. Yakan ce duk fadamar babu wanda ya kai shi riba, albasa tana sha, shi kuma yana tara guzuri.

Karatunsa na boko aji uku ne aka mayar da shi gona, amma ya fito da lambobi a kansa da kuma son sanin abin da ba a aike shi ba. Ya taɓa bin kunkuru daga hantsi har la'asar don ya ga inda zai sauka. A ɗakinsa akwai busasshiyar albasa mai kai uku da ya hana a yanka, da wani dutse mai rami da ya tsinta a Andarai, wanda ya ce in aka kara shi a kunne ana jin damina a ciki. Mutane suna yi masa dariya a kan waɗannan, shi ma yana taya su. A kan awon ruwa kam, shekara talatin da ɗoriya, ba a taɓa yi masa dariya ba.

Sai wata Talata. An kashe inji, ana wanke ƙafa a gindin mangwaro, sai Zayyad ya gyara tsayuwa. Zayyad ya gaji lambun mahaifinsa ne shekara biyu da suka wuce, yana kuma harkar albasa a kasuwar Aliero, wayarsa ba ta barin tafin hannunsa.

Ya ce, "Baba, ina da magana, amma kada ka ji haushi."

Malam Isiyaku ya ce, "In ka san da haushi cikinta, ka dama ta da hura ka shanye."

"Sati ukku ina auna rabon ruwan ga da wayata. Nawa minti arba'in. Na Usama da na Ammar arba'in-arba'in. Naka arba'in. Na Inna Laraba hamsin da biyu. Mai kau daidai kowa ka zubawa."

Usama da Ammar, wa da ƙane masu sauran lambuna biyun, suka daina wanke ƙafa. Laraba, wadda ke ɗaure fartanyarta cikin zane, ta juyo.

Ta ce, "Zayyad, ni da nit tauna maka gyaɗa kana rarrahe, yau ni kaka ƙirga ma ruwa?"

"Inna, ba da ke nika ba. Da awo nika."

Malam Isiyaku ya tambaye shi, "Daga ina kaka hwara ƙirgan naka?"

"Daga sa'ad da anka buɗe hanyatta."

"To nan ka yi kure. Ba a cewa baƙo ya iso sai ya yi sallama. Sai ruwa ya taka bakin lambu nika ɗaukar carbi, haka tsohona ya koya min. Hanyar Laraba doguwa ta, kuma busassa ta. Ruwa sai ya shayar da hanya kahin ya shayar da albasa."

Zayyad ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya shirya amsa. "Baba, taki ɗari ukku ɗai na. Ruwa shi yi minti goma sha biyu bisa hanya? Ko gurgun jaki ya isa cikin biyu. Sauran goman, carbi na ka jan ƙahwa in ya ga gida."

Ammar ya fashe da dariya kafin ya tuna ya rufe baki. Kowa ya san abin da ake nufi da gida. Laraba matar marigayi Usmanu ce, ƙanen Malam Isiyaku uwa ɗaya uba ɗaya, kuma lambun gindin giginya nasa ne kafin ya rasu.

Usama, wanda bai son hayaniya, ya yanke maganar. Ya ce ran Asabar a duba. In carbi ne ke ƙari, a ajiye shi a koma ga wayar Zayyad, kuma a riƙa ƙirga wa kowa daga buɗe hanya. Kowa ya watse a kan haka.

Malam Isiyaku ya kamo hanyar gida yana tafe a hankali. Albasar Laraba tana cikin watan ɗaura kai. In aka ƙirga mata daga buɗe hanya, fangalolinta na ƙarshe ba za su ga ruwa ba, kuma daga lambun nan take ci da marayu uku. Wannan ya dame shi. Amma akwai abin da ya fi shi cizo, wanda ba zai iya faɗa wa kowa ba: shi kansa bai sani ba. Bai taɓa auna tafiyar ruwan ba. Yakan bi shi ne kawai yana kallon yadda kansa ke tura haki da tururuwa, har ya manta da lokaci. In ya zauna gindin giginyar nan kuma, Usmanu yakan faɗo masa a rai. Wa ya san abin da zuciya ke gaya wa yatsu? Mutum na iya cin amana shekara da shekaru da salati a bakinsa bai sani ba.

Yana cikin wannan tunani ya tuna da wani abu. Shekaru masu yawa da suka wuce, ya kai wa wani malamin makaranta irin albasa a Maiyama, ya tarar ana tseren 'yan makaranta. Malamin yana da wani agogo a hannu, ana busa usur ya danna shi, na farko ya tsallake layi ya sake dannawa, sai agogon ya tsaya cak riƙe da lokacin kamar an kama fara a tafin hannu. Malam Isiyaku ya tsaya kallon agogon nan har aka tashi, ya koma gida da irin albasar a aljihu. Ya ce a ransa, wayar Zayyad ta Zayyad ce, kuma a tsakar rana ko fuskarta ba a gani. Shaidar da yake so ita ce mai hannaye, wadda mutum biyar za su leƙa su ga tana tafiya.

Washegari da safe ya kwance ɗan bunsurunsa daga turke. Matarsa Fatimatu ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Malam, ina za a da shi?"

"Jega. Agogo za ni saye."

"Agogo? Kai da ka sanin azahar da inuwar katanga?"

"Wanga ba na sanin azahar ba na."

"To na sanin mi na?"

"Na sanin Isiyaku na."

Ta dube shi, ta dubi bunsurun, ta ce, "Ni kau shekara arba'in da ukku na san shi, ban sai da ko kaza ba."

A Jega bai sha wahalar rabuwa da bunsurun ba. Ya ƙulle kuɗin a lalitarsa ya shiga cikin kasuwa, ya wuce 'yan kifi, ya wuce masu takalma, har ya ci karo da wani mai tallar agogo da faranti rataye a wuya. Da ya kwatanta masa abin da yake nema, mutumin ya zaro wani agogo ruwan zinariya yana walƙiya, da maɓallai biyu a gefe, da ƙananan idanu uku a fuskarsa, kowane ido da ɗan hannunsa. Dogon tsinkensa yana ta zagayawa da kuzari. Kuɗinsa ko rabin bunsuru bai kai ba.

Ran Malam Isiyaku ya biya. Ya riga ya hango shi a hannunsa ranar Juma'a. Ya danna maɓallin sama, bai ga abin da ya canza ba. Ya danna na ƙasa, haka. Ya kawo agogon kusa da ido, irin kallon da yake yi wa gidan tururuwa, ya daɗe yana jiran ɗaya daga ƙananan hannayen ya motsa.

"Waɗanga ƙananan ba su tahiya?"

"Suna tahiya, Alhaji. Sai sun ji ɗumin jiki. Ka ɗaura shi kwana biyu ka ga aiki."

Wannan magana ta ba shi sha'awa ƙwarai, agogo mai jiran ɗumin jiki kamar ƙwan kaza. Saura kaɗan ya kwance lalita. Sai ya tuna Asabar saura kwana uku, kuma ba ƙyanƙyasa ya zo saye ba. Ya ce su je tare wajen Isa mai gyaran agogo ya duba, in ya ce da kyau a biya a gabansa. Nan take mai tallar ya karɓe abinsa, ya ce yana da uzuri a wajen tasha.

Isa yana zaune bayan akwatinsa na gilashi a bakin wata rumfa, da ɗan madubi manne a ido ɗaya. Sun san juna, don shi ya taɓa gyara wa Malam Isiyaku rediyo, ko da yake ba aikinsa ba ne. Da ya ji labarin mai ɗumin jiki, sai da ya cire madubin don ya yi dariya da idanu biyu. Ya lalubo mataccen agogo irin wancan daga cikin gwangwani, ya ɓalle gilashinsa, ya sa tsinke ya taɓa ƙaramin hannun. Hannun ya ɓalle ya faɗo a kan tebur. Da gam aka manna shi.

"Ka gani, Baba? Kwalliya ta. Ko ka kwana da shi cikin murhu ba shi motsi. Yanzu gaya min, mi za ka auna?"

"Ruwa."

"Ruwa da agogo?"

Malam Isiyaku ya zauna a kan benci ya ba shi labarin tun daga jigo har zuwa gurgun jaki. Isa ya saurara bai katse shi ba, sa'an nan ya buɗe ƙasan akwatin ya fito da agogo uku ya jera a kan ƙyalle.

Na farko mai nauyi ne, na ƙarfe, bayansa gilashi, ana ganin hanjinsa yana motsi. Babu batir a cikinsa, motsin hannu ke ciyar da shi. Malam Isiyaku ya kara shi a kunne, ya juya shi, ya ga wani ɗan ƙarfe yana lilo kamar zuciyar tsuntsu. Da Isa ya faɗi kuɗinsa, sai ya ajiye shi da hannu biyu, a hankali, kamar jaririn wani.

"Wanga ai sai a kawo saniya da maraƙinta."

"Shi ya sa na hwara nuna maka shi, don ka hid da rai da wuri."

Na biyu sabo ne fil, mai farar fuska da maɗaurin fata, yana aiki da batir, kuɗinsa daidai da abin da ke lalita. Isa ya nuna masa ƙaramin idon da ke ƙirga mintoci. Malam Isiyaku ya matso yana karanta lambobin da baki: goma, ashirin, talatin. Ya nemi arba'in bai gani ba.

"Ina sauran?"

"Talatin ɗai shika ƙirgawa, sa'an nan shi sake daga hwarko. Sai ka riƙe a kai cewa ya zagaya."

"A'a. Kaina aka tuhuma. In na ce musu ya zagaya sau guda, Zayyad shi ce sau biyu. Kuma wagga hwata, sati guda a lambu ta ruɓe."

Na uku ba sabo ba ne. Baƙar fuska gare shi, maɗaurinsa roba, da ɗan ƙarce a gefen gilashin. Ƙaramin idonsa na mintoci ya kai har sittin. Amma dogon tsinkensa yana tsaye cak a kan sha biyu, ko numfashi ba ya yi. Malam Isiyaku ya girgiza shi, ya kaɗa kai, ya ture shi gefe.

"Isa, tsakanina da kai ba haka. Wanga ai gawa ta."

"Gawa? Dubi ƙaramin idon ƙasa."

Ya duba. Can ƙasa wani ɗan hannu yana ta tafiyarsa, tak, tak, tak.

"Wancan shi ka riƙe da sakan na yau da kullum. Dogon kau ba shi aikin kowa sai naka. Umurni shika jira. Danna na bisa."

Ya danna. Tsinken ya zabura ya kama hanya. Ya sake dannawa, ya tsaya cak tsakanin huɗu da biyar. Isa ya ce ya danna na ƙasa, tsinken ya juya da gudu ya koma kan sha biyu ya ƙame kamar soja. Malam Isiyaku ya ƙura wa tsinken ido. Shi dai wanda ya ga yana gudu ba a aike shi ba ya ɗauka mai rai, wanda ke tsaye yana jiran aike ya kira gawa. Ya sake dannawa, ya tsayar, ya mayar, har sau bakwai.

Isa ya ce, "Haka aka dubawa. Dut sa'ad da ka mai da shi, ka tabbata ya tsaya bisa sha biyu daidai. In ya kauce ko da gashi guda, kada ka saye, ko ni na ce ka saye. Hwantsalin ruwa ba shi yi mai komi. Amma kada ka danna shi cikin ruwa, nan na ƙohwa ka buɗewa."

Duk da haka Malam Isiyaku bai kwance lalita ba sai da ya sa aka gwada shi da babban agogon da ke rataye a rumfar, minti biyar cur, shi yana kallon wannan, Isa yana kallon wancan. Suka zo daidai. Ƙarcen gilashin ya rage masa kuɗi, har ya samu na mota da na dabino mudu guda.

Kwana biyun da suka rage, babu abin da ya tsira a gidan. Ya gano cewa jakin maƙwabci yana kuka sakan goma sha tara in da safe ne, sha huɗu in da yamma. Ƙadangaren katanga yana gyaɗa kai sau uku cikin sakan biyu. Butar shayin Fatimatu minti bakwai take tafasa, sai ranar da ta san yana aunawa, ta ƙara itace ta tafasa a biyar don ta ɓata masa lissafi. Abu guda ne bai auna ba. Ran Juma'a bayan la'asar ya zauna a zaure da carbi a dama, agogo a hagu, babban yatsansa a kan maɓalli. Ya daɗe a haka. In ya gwada a ɓoye, yatsunsa za su koyi tafiyar agogo, ran Asabar su faɗi abin da aka koya musu. Ya cire agogon ya sa a aljihu, ya ja carbinsa haka nan.

Ran Asabar aka ba lambuna huɗu ruwa kamar kullum. Da aka zo kan na Laraba, Malam Isiyaku ya kira su duka bakin magudanar. Ya naɗe hannun riga, baƙin agogon ya bayyana.

Ammar ya ce, "Kai! Baba ya zama direban jirgi."

"Matso ka ga jirgin." Ya nuna musu tsinken da ke tsaye, ya danna, ya tsayar, ya mayar. Sa'an nan ya kwance agogon ya miƙa wa Zayyad. "Kai za ka riƙe. Kai ka danna, kai ka tsai da. In ka so, ka kunna wayakka su yi tsere."

Zayyad ya karɓa yana ɗan jin nauyi. Malam Isiyaku ya ɓare jan ɓawon albasa guda ya riƙe. Usama ya sa fartanya ya buɗe hanya, Zayyad ya danna, dattijon ya saki ɓawon a kan ruwa.

Da farko ruwan ya fita da gudu, Zayyad ya dubi Ammar yana murmushi. Taki talatin sai busasshiyar ƙasa ta fara karɓar rabonta. Kan ruwan ya lafa, ya zama kamar harshen maciji yana lasar hanya, yana tura haki da kashin awaki a gabansa, jan ɓawon yana bisa kamar hular ango. Ya iske tsagar ƙasa, ya tsaya sai da ya cika ta. Ya iske ramin gyare, ya shiga, gyaren ya fito a fusace. Mutum biyar suna biye da shi sannu-sannu, duk manyan mutane, kamar masu rakiyar amarya. Malam Isiyaku yana gaba, hannuwa a baya, shi ne ake tuhuma, amma ko a haka sai da ya tsaya ya nuna wa Usama yadda tururuwa ke kwashe ƙwansu kafin ruwa ya iso.

Laraba ta ce, "Zayyad, gurgun jakin naka ya isa, ko a ɗauko mai amalanke?"

Zayyad dai idonsa na kan agogo.

Da ɓawon ya shiga fangali na farko a gindin giginya, Zayyad ya danna. Kawuna huɗu suka haɗu a kan hannunsa. Ƙaramin hannu ya wuce goma da layi ɗaya, dogon tsinke yana kan biyu.

Usama ya karanta, "Goma sha ɗaya da sakan goma."

Laraba ta rangaɗa guɗa har tsuntsayen giginya suka tashi. Malam Isiyaku ya ɗaga mata hannu.

"Dakata. Hamsin da biyu yaron ga ya ce, kuma bai yi ƙarya ba. A hid da sha ɗaya, saura arba'in da ɗaya. Akwai minti guda da ban san inda ya hito ba. Zayyad, mai da shi bisa sha biyu, ka danna. Kada ka gaya min komi sai na ɗaga hannu."

Ya zauna inda ya saba zama, ya ba su baya, ya ajiye malafa ya kama salati. Ruwa yana shiga fangali yana fita, Laraba tana buɗe wannan tana toshe wancan. Zayyad ya tsuguna a bayansa. Ƙwallo na farko ya faɗa malafa, Zayyad ya duba. Na biyu, ya duba. Na uku, na huɗu, tsakanin kowane da ɗan'uwansa kamar an yanka da wuƙa. Ya zunguri Ammar ya nuna masa, Ammar ya riƙe baki.

Bayan ƙwallo na biyar sai carbin ya tsaya. Malam Isiyaku ya ɗora shi a cinya, ya buɗe tafukansa yana fuskantar giginya, leɓɓansa suna motsi. Zayyad ya ji Fatiha, ya ji Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya ji sunan Usmanu da roƙon a yalwata masa kabari. Dattijon ya shafa, ya ɗauki carbi ya ci gaba kamar bai tsaya ba. Da ƙwallo na shida ya faɗa, ya ɗaga hannu, aka danna.

"Nawa?"

Zayyad ya ce, "Arba'in da ɗaya, Baba. Kuma na ga inda gudan ya shiga."

Ya gaya masa. Malam Isiyaku ya dube shi, ya dubi giginyar. Shekara takwas yana wannan addu'a a wannan wuri, har ta zama masa kamar numfashi, bai taɓa kawo wa ransa cewa inji yana shan mai a lokacin ba. Laraba ta juya baya tana gyara bakin fangalin da ba ya bukatar gyara.

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, "To kun gani da idonku. Sha ɗaya na hanya na, arba'in na carbi na, guda nawa na. Ruwanku na ci, ku yahe min. Daga yau sai an toshe hanya za ni yi ma Usmanu addu'a tai."

Usama ya buɗe baki zai yi magana, Zayyad ya riga shi.

"A'a, Baba. Ni ban yarda ba."

"Mi kuma ya rage?"

"Baba Usmanu ɗai ya mutu a fadamag ga? Tsohona shekara biyu shina kwance, kuma shi ya haƙa rabin hanyoyin ga da hannunai. In ka zo lambun nawa, bayan ƙwallo na biyat ka tsaya ka yi mai tashi. Minti guda cur, ina dubawa."

Ammar ya ce, "Mu kau uwa da uba muka da su can. Minti biyu ke nan."

Laraba ta ce, "Ji ɗan banza, har da matattu za shi yi ciniki."

Aka yi dariya har Usama ya zauna a ƙasa. A nan gindin giginya aka tsayar da magana: carbi yana nan, ƙirga daga sallamar ruwa yana nan, kowane lambu kuma da mintinsa na mamata, guda ɗaya, ko mutum nawa ya binne.

Zayyad ya goge gilashin agogon da bakin rigarsa, ya mayar da tsinken kan sha biyu, ya kama hannun dattijon ya ɗaura masa da kansa.

"Baba, nawa ka saye shi?"

"Bunsuru guda."

"Wallahi ya yi araha."

Malam Isiyaku ya bar hannun rigar a naɗe, bai sauke ba har gida. A hanya, wajen tsohuwar rijiya, ya ga hawainiya ta ɗaga ƙafa za ta tsallake turba. Ya tsaya, ya sa yatsa a kan maɓallin sama, ya jira ta sauke ƙafar.